Katina Ya Mutu Ranar Talata

Katina ya mutu ranar Talata.
Haka Rifkatu ta ce ta bayan gilashin nan mai tsaga,
ko kai ba ta ɗago ba.
Na ce Allah ya ji ƙansa,
mai shi dai ga shi a tsaye.

Tun asuba na baro Rigasa,
ana ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Mai keke ya sauke ni a bakin kwalbati,
sanyin damina ya riga ni isa ƙashi.
Mai sikila ya san wannan baƙon:
ba ya sallama,
a gwiwa yake fara zama, ya matsa ƙugu,
in ya huta ya ɗauko guduma.

Lambata arba'in da bakwai.
A kan bencin wata tsohuwa daga Kakuri
ta ƙulle takardunta a ledar burodi,
tana ta shafa su kamar za su gudu.

Hoto biyu, in ji Rifkatu.
Wasiƙar likita, ta bana.
Rasit.
Na miƙa, ta ɗora sabon hoton gefen tsohon,
ta dube ni, ta dube su.
Kumatun bara ba su zo ba, na ce, ni kaɗai na zo.

Maganina yana kwana a kabad mai kwaɗo biyu.
Ban ga laifinsu ba,
na ga abin da kwalba ta yi wa yaran layinmu.
Amma akwai wani kallo
da ake yi wa mutum in ya faɗi sunan allurarsa daidai,
kallon da ke laluba aljihu,
ya leƙa ƙarƙashin harshe.
Shekara talatin da huɗu ina haddar zafi,
ta yaya zan manta sunan abin da ke kashe shi?

Jiya Isiyaku bakanike ya same ni a shago
na kife kan keken ɗinki, zare a baki.
Ya ce akwai ganye.
Wai ya ji a wata ƙasa likita ke rubuta wiwi,
har da kati mai hoto, ana sabuntawa duk shekara.
Na ce Isiyaku, nan Kaduna ce,
hayaƙin da ke kwantar da ƙashi a can
nan bayan kanta yake kwantar da mutum.
Ya yi dariya. Ni ban iya ba, haƙarƙari ya hana.

Ƙarfe goma sha ɗaya na'ura ta ɗauke.
Sha biyu mai sa hannu ya shiga taro.
Na ƙirga fankar silin,
na ƙirga rigunan makaranta tara da ban yanka ba,
na ƙirga katunan da na binne:
mai ruwan ɗorawa, shuɗi, shuɗi, fari.
An gaya wa Inna ba zan kai ashirin ba.
Wanda ya faɗa ya yi ritaya,
ita kuma tana Tudun Wada ƙarƙashin ƙasa,
ni ne nan a layi.

Bayan azahar Rifkatu ta kira,
Sanusi Tela, ba lamba ba.
Ta hura wa hatimi iska, ta buga,
ta rubuta wata rana a watan Agusta na baɗi
da jan biro, hannunta ko rawa bai yi ba.

Ban san wa ya ba ta tabbacin ba.
Na dai karɓa, na sa a aljihun ƙirji,
inda ruwa ba zai taɓa tawadar ba.
Tagar magani tana can ƙarshen baranda,
mutum goma sha ɗaya ne a gabana.