Gashi Goma Sha Shida

A Rafindaɗi nake, bayan masallaci,
shagona taku uku ne, da ƙofar langa-langa.
Raket nake yi wa zare.
Yara na ce mani tsoho mai ɗinkin rariya,
ni kuwa ban taɓa gyara masu ba.

Shekarar da aka kira mu sansanin ƙasa
mu goma sha ɗaya ne, kujerun jirgi takwas.
Na yi fasfo, na yi aski, na ɗinka kaftani,
Inna ta cika mani gwangwanin madara da dakuwa.
Ranar wata Laraba aka karanta sunaye.
Har mai karatun ya naɗe takarda ya sa aljihu
ban daina saurare ba.

Fasfon na nan a ƙasan adaka,
fari fat kamar allon da aka wanke,
ko hatimi ɗaya bai sha ba.

Sai na sayi littafi mai layi a Kofar Soro,
na zama magatakardan waɗanda suka tafi.
Rediyo ya gama da ƙwallon ƙafa, ya gama da dambe,
in lokaci ya ragu a jefo mana jimla ɗaya,
ƙanzo a gindin tukunya.
Ni kuma in kankare shi tas:
wa ya ci, wa aka ci, da nawa, a wane gari.
Inda aka samo tagulla na ja layi biyu.
Inda aka rasa kuɗin jirgi na sa kwanan wata kawai,
na bar shafin fili, don shi ma tarihi ne,
ko da ba a buga ba.

Badminton ba ta son iska.
Shi ya sa muke ɗaura raga tsakanin bedi biyu
da an sallame asuba, kafin iska ta farka.
Ƙwallonmu gashi goma sha shida ne a kan ɗan toto.
In uku suka mutu, in fige su in tada ɗaya.
Talauci ya koya mani wannan,
ba koci ba.

Nan Laure ta same mu, ɗiyar Tanimu mai faci,
bahaguwa, da silifa wari daban-daban.
Ta ce a ba ta ta gwada.
Bugun farko ta aika ƙwallon kan rufin makwabta,
na biyu ya sauka a gindin ƙafata
kamar kurciya ta ga tsaba.
Na duƙa na ɗauka, na daɗe a duƙe
don kar yara su ga idona.
Shekara bakwai muna wannan asubanci,
azumi ma bai raba mu ba.

Da aka karanta sunaye, nata ne na shida.
Daren tafiya na ja zaren raket ɗinta da kaina,
ina ja ina kai kunne, kamar mai gyaran gurmi,
har sai da ya yi mani kukan da nake so.
Ta ce, Baba Nomau, me zan kawo maka?
Na ce, hatimi. Ki nuna mani shafin kawai,
ban ce ki bar mani ba.

An cire ta a zagayen farko.
Ashirin da ɗaya da tara, ashirin da ɗaya da sha huɗu.
Mai shayin bakin titi ya ce, ashe yawo aka je.
Ban tanka shi ba, na buɗe littafi.
Sha huɗu!
Sau sha huɗu ƙwallon Rafindaɗi ta faɗi a gonar wata
a ƙasar da ba ta san sunan unguwarmu ba.

Na rubuta da jan biro, na ja layi ɗaya.
Jibi za ta sauka a tasha, na ari babur.
Gobe da asuba akwai raga, akwai yara biyar,
ɗaya ko tsawon raket ɗin bai kai ba.
Littafin saura shafi tara,
kuma biron bai ƙare ba.