Karatun Bola

Kafin ladanin Gishiri ya gyara murya
na riga na tura kurata na haura Maitama.
Sunana Tanimu, amma a nan ba mai kirana da shi;
baban bola suke cewa, ran da suka ga damar magana.

Bokona bai yi nisa ba,
sai dai ina karanta durom ɗin shara
yadda mai duba ke karanta yashi.

Gida mai lamba tara, mai baƙin ƙyaure:
jiya sun fitar da talabijin.
Ba mutuwa ta yi ba. Gyang mai gadi ya rantse mini
har shekaranjiya tana ba da labarai.
Laifinta ɗaya, an haifi ƙanwarta a Dubai
wadda ta fi ta faɗi da taƙi biyu.

Kwalaben turare goma sha ɗaya,
kowace da sauran numfashi a gindinta.
Kek ɗin biki da aka yanka don hoto kawai,
ƙudaje ne suka amsa gayyatar.
Sai takalmi, ƙafa biyu, sabo fil,
takardar kuɗinsa na reto a jiki.
Gyang ya bi sifilin da yatsa, ɗaya bayan ɗaya,
ya ce, "Albashina ne na wata bakwai."
Muka yi dariya,
irin wadda ke suɓucewa a zaman makoki.

Na san mai gidan, ko da yake shi bai san ni ba.
Fuskarsa na zuwa hannuna ɗauri ɗauri,
ragowar fastar zaɓen da ya wuce,
yana murmushi, hularsa a karkace.
Na'Allah na panteka ya ɗora shi a sikeli
ya ce takarda ce mai santsi, ba ta da kasuwa,
ko mai ƙosai ba ta so, ba ta shan mai.

Ba zan ɓoye ba, ni ma na dangwala masa.
Mudun shinkafa, taliya biyu, sabulu sanda guda.
Shinkafar ta kai mu Laraba.
Sabulun ya ɗan jima.
Shi kuwa shekara huɗu muka ba shi,
ya ce ciniki ya faɗa, babu canji.

To ga inda labarin ya juyo kaina.
Takalmin nan ban sayar ba.
Na goge shi da hannun riga, na sa ran Juma'a,
ya matse ni kamar bashi,
amma Sale mai shayi ya miƙe ya ba ni benci
ya ce, "Alhaji, madara ko lifton zalla?"
Wallahi na ji daɗi.
Shekara tara ina shan shayinsa a tsaye.
Na koma gida ƙafa duk bororo,
ina tunanin wandon da zai dace da shi.

Ɗana Ilu ya sami matacciyar waya a buhuna,
yana kara ta a kunne, yana ɗaga kafaɗa:
"A turo miliyan goma, ina cikin taro."
Uwarsa na dariya. Ni na kasa.
A da, malamin makaranta yake cewa zai zama.

Yau da hantsi wasu suka zo da jan fenti
suka shafa wa bangonmu alama.
Wai katafaren kanti za a gina a nan,
mai matattakala da ke tafiya da kanta,
don kada masu saye su gaji.

Ramlatu ta fara ɗaure tukwane.
Ni ina zaune a kan talabijin ɗin gida mai lamba tara,
da ba mu da wutar kunna ta,
ina lissafi, Allah ya yafe mini:
kanti babba haka,
bolarsa ba za ta yi kaɗan ba.