Inda Za a Shimfiɗa Tabarma

Kubura ta ce zaure mai fanka take so,
mai jan labule, mai madubi har rufi,
irin wanda ta gani a wayar ƙawarta.
Ni yayanta ne, ba ni da ta cewa,
sai in tada babur, in ce hau mu je.

Muka haura Filato da rana tsaka,
Garwa tana soya ƙwai a kan kwalta.
Mai otal ya fito da littafi a hammata,
ya ce jaka ɗari huɗu, ban da kujera,
ban da man janareta in wuta ta yi halinta,
ƙarfe goma kuma a kashe kiɗa.
Na ƙirga da yatsu har yatsu suka ƙare,
aljihuna ya yi tari, ya yi shiru.

Ita ba kuɗin take ƙirgawa ba,
matakala take bi da ido: ashirin da uku.
Ta ce, Yaya, Iya Dudu fa?
Ƙafar da ta shekara biyar ba ta taka ƙofar gida ba,
wa zai goya ta zuwa sama?
Muka sauko, ko ruwansu ba mu sha ba.

Makarantar Yelwa ta ce ga fili,
amma sai bayan an gama gyaran katanga.
Mu kuwa dangin ango sun riga sun kama mota biyu
daga Lere, can ƙasar Cadi,
ranar da aka sa ba ta matsawa.

Bakin Binuwai ma mun je da la'asar.
Iska mai daɗi, masu wanki suna naɗe zannuwa.
Wani masunci ya ji zancenmu, ya ajiye koma:
Watan takwas za ku yi biki a nan?
To ku gayyaci dorina ta yi muku guɗa.
Yashin da kuke tsaye a kai, aro kogi ya ba ku.

Ƙofar gidanmu kuwa, a bar zancen,
lungu ne da akuya biyu ba sa gilma juna.

A hanyar komawa sarƙar babur ta tsinke.
Muka tura shi har garejin Kawu Bappayo,
inda motocin auduga suke kwana in kaka ta yi.
Yanzu ko ɗaya babu.
Fili fetal, doguwar rumfar kwano,
durumi a tsakiya yana rabon inuwa kyauta,
ƙasa baƙa wuluk da mai, tsofaffin tayoyi jibge.
Ina tsugune ina miƙa sufana,
Kubura tana zagaye, tana awo da taku:
nan mata, nan tukwane, can mazan Lere,
in hadari ya taso kowa ya shige rumfa.
Ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi ƙasa.
Ba dakali, ba tudu,
daga nan zuwa ɗakin Iya gida shida.

Kawu ya goge hannu da tsumma.
Ke, amarya a gareji? Mutane za su yi da ni.
Ta ce, su yi.
Ya daɗe yana sosa furfura,
can ya ce, to, haya ba ragi:
kan rago ɗaya, da tuwo kwano biyu.

Jiya tifa ta juye yashin kogi sau uku,
yaran gareji sun baje shi a kan baƙin mai,
tayoyi sun sha farar ƙasa, sun zama kujeru.
Jan labule an samu, ni na saya, yadi goma.
Madubi na wata matacciyar tirela ne,
yana nuna fuska in an ɗan karkata.

Iya Dudu ta aiko a tambaye ni
ko a baro za a tura ta, ko kujera za a ɗauka.
Ta ce ko wanne ne, a wanke shi da sabulu tukuna,
ba za ta je bikin jikarta tana warin gas ba.