Sifiri Ɗaya

Ƙarfe uku na dare a Bradford,
ruwa na bugun taga, barci na bugun ido.
Gadaje goma sha huɗu, mu biyu kacal,
ni da Gwen mai shan shayi ba sukari.

Gado na tara Doreen ce,
shekara arba'in ta yi a masaƙa,
yanzu jijiyarta ta fi zare siranta.
Na ɗaura mata ruwa, na danna adadi,
yatsa ya zame, biyar ta koma hamsin.

Na'urar ta ƙi.
Ashe ta riga ta tuntuɓi kwamfutar likita,
ta karanta lambar wuyan hannun Doreen,
ta san nauyinta, ta san ƙodarta ta gaji.
Ta yi kuka sau biyu, ta tsaya cak.

Gabana ya faɗi.
Sifiri ɗaya, bai kai ƙwayar gero ba.

Da, uwar surutu nake ce mata.
Yau na goge fuskarta da auduga, a hankali,
kamar mai neman gafara.

Doreen ta buɗe ido: "Lafiya, 'yata?"
Na ce lafiya lau,
na riƙe hannunta har ya yi ɗumi.
Wannan kam aikina ne.