Man Zaitun

Shekara goma sha ɗaya ina soya wa Amílcar kifi
a gangaren Porto, bakin kogin Douro.
Yau yana bin masu kawo kaya
wai ni na ɗebe masa man zaitun.

Bakina yana ƙaiƙayi.
Na san durowar da yake ɓoye rasiɗan ƙarya.
Lauyata, Graciete, ta ce: haɗiye, Delfina,
kunnen alƙali kaɗai zai ji wannan.

Na haɗiye. Ya fi maɗaci ɗaci.
Littafin awona yana jaka,
kowace kwalba da kwanan watanta.

A sabon kicin, ƙetaren gada,
mai wurin ta rage murya,
me ya haɗa ku?

Na ce, maganar tana kotu.
Miƙo min albasa.