Ɗigon Mutari

Da asuba ya ɗaure akwatin sanyi a bayan moto,
allurar shanu ce, ta mutanen Tasker.
Ya maƙala wata 'yar na'ura a ƙirjin riga,
ba ta kai akwatin ashana biyu ba.
Ya ce, Baba, wannan ba ruwanta da rezo,
da tauraron ɗan Adam take magana.
Na ce, ni ma na yi hira da taurari a zamanina,
shekara talatin ina jan kamyo zuwa Agadas,
amma ko ɗaya bai taɓa kai labarina gida ba.

Ya yi dariya, ya ba da wuta, ya bar mu da hayaƙi.

Yanzu ɗana ɗigo ne,
shuɗi, kamar ƙwayar gero da ta faɗa karofi.
Barira ta jingina salularta da tulu,
tana tankaɗe tana leƙe.
Ya wuce Mirya. Ya wuce Gidimuni.
Azahar ta same shi a Gure,
a nan ya yi sallama da kwalta.
Taswira ta koma fari fat kamar wankakkiyar ƙwarya,
ɗigon na rarrafe a kan babu.

La'asar sakaliya, ya tsaya.

Muka ce salla ce.
Muka ce shayi ne a rugar wani.
Magariba ta rufa kan duwatsun Birni, bai motsa ba.
Barira ta sa yatsa biyu a gilashi
tana buɗa daji kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Ba itace, ba rijiya, ba sunan gari,
sai lambobi a jere, irin na takardar likita.

Akwai maɓalli ja, in ji ta, in ya danna za a sani.
Bai danna ba.
Na ce to ai lafiya ke nan.
Na haɗiye sauran maganar:
karyayyen hannu ba ya danna komai.

A da, in naka ya shiga daji
sai ka miƙa shi ga Allah ɗungurungum, ka ci tuwonka.
Yau an ba mu ido, an bar mu ba hannu.
Na san inda yake, da kuskuren taku goma,
ban san ko yana numfashi ba.

Caji ya koma kashi tara, ga wuta an ɗauke a Zango.
Tsahara ta ruga ba takalmi
ta aro batir a gidan mai sola.

Bayan lisha abin ya yi ƙara sau ɗaya.
Kalma bakwai, don kowace da kuɗinta:
Lafiya nake. Na tsinci mutum. Muna tafe.

Sai bayan kwana huɗu muka ji sauran,
yana wanke ƙafa a gindin randa.
Wani Wardugu ne, sarƙar motonsa ta tsinke,
kwana biyu yana bin inuwar abin hawansa,
jarka ta bushe, harshe ya zama ƙirgi.
Sai da aka yi ta ɗiga masa ruwa da murfin gora
kaɗan-kaɗan, har dare.
Tsayuwar ke nan.

Barira ta yi hamdala, ta koma kan tukunya.
Ni kuwa barci ya ƙi ni.
Duk yinin nan muna zura wa farin gilashi ido
muna cewa wurin ba kowa,
ashe mutum na kwance dab da yatsanta.
Shi ma yana da tsoho a wani wuri,
da mata, da tulu,
ba abin da za su jingina.

Jibi Mutari zai sake fita, ta Tanut wannan karon.
Na aika an sayo mini tabarau a kasuwar Dole,
ɗaya kunnen da zare na ɗaure shi.
Zan kalli ɗigon nasa, ba shakka,
zan kuma duba farin da ke gefensa.