Tsingaro

Teburin cin abinci ne makarantarsu,
ni ce malama, ni ce mai dafa na rana.
Ran Talata muka tsaya a shafi na arba'in
inda aka rubuta: mutanen nan sun kasance suna noma.

Muka kama hanyar Zuni, awa biyu cikin jan dutse,
Corwin na gyangyaɗi, Ilse na ƙirga dawaki.

Delfina ta tarbe mu da laka har gwiwar hannu.
Kafin gaisuwa ta ce a tuɓe takalma.
Lambunta bai kai ɗakin kwanana ba,
komaye ƙanana, jere kamar gidan dara,
kowanne da ɗan bangonsa na ƙasa.
"Nan ruwa baƙo ne," in ji ta,
"in ya zo sai ka yi masa masauki."

Corwin ya soka tsinin sanda,
ya zuba shuɗiyar masara ƙwaya huɗu,
ya rufe da diddige,
ya tsuguna yana jiran ta tsiro.

Aka aiki Ilse ɗebo ruwa a tsohuwar tukunya,
mai zanen barewa a ciki.
Taku bakwai ta yi. Na ji ƙarar har haƙorina.
Na fara lissafin kuɗin da ke jakata,
bakina cike da ban haƙuri.

Delfina ta tsince tsingaron a zaninta,
ta ɗora kan dutsen niƙa,
ta miƙa wa mai kukan ɗan dutsen.
"Niƙa. Yumɓu ba ya jure wuta
sai da garin wadda ta riga shi shiga.
Wannan ma akwai ta kakata a jikinta."

Ilse ta niƙa tana shessheƙa,
suka kwaɓa, suka murza kamar igiya,
naɗi kan naɗi har tukunya ta yi baki,
karkatacciya, da shatin yatsa ko'ina.

Sai Corwin, mai bakin da ba linzami:
"To su mutanen dā ɗin, ina suka tafi?"
Ta dube shi, ta dubi ƙafafunta.
"Ɗaya dai tana nan, bayanta na ciwo."

Da dare na iske littafin a buɗe.
An soke kalma biyu da fensir,
an bar jan yatsa a gefen shafi.
Ban goge ba.
Corwin kuwa har yau tambaya yake
ko an yi ruwa a Zuni.